Takobin Kaka Ya Tafi Kanada

Appenzell, 4 ga Maris, 1991

Zuwa ga Gwaggona Ottilia,

Gaisuwa mai yawa daga nan gindin duwatsu zuwa can shimfiɗaɗɗiyar ƙasarku da kika ce ko tudun tururuwa babu. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ruedi, da ɗanku Urs da iyalinsa. Allah ya sa gwiwar nan taki ta yi sauƙi, ya sa sanyin Manitoba ya fara sassautawa. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta soma narkewa a cikin kwari, saniyar nan mai farin goshi ta haihu, Mama kuma ta rabu da tarin da ya dame ta tun Kirsimeti. Ƙanenki kuwa, wato Baba, jikinsa garau, yana ci yana sha, yana hawan tudu kamar ɗan akuya. Abin da ke damunsa ba na likita ba ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwaggo, akwai wani dogon ƙunshi a kan teku yana nufo gidanki, in ma bai riga ya iso ba. An naɗe shi da tsohon bargo, an rubuta sunan Urs a kai. Takobin Kaka ne. Roƙona shi ne ranar da ya iso ki juyo mana da shi ta jirgin sama, ya zo kafin Lahadin ƙarshe ta Afrilu. Bari in gaya miki yadda aka yi, don kada ki ji rabin labari daga bakin wani.

Ke ma kin tsaya a taga irin wannan Lahadin kafin ki bar gida, saboda haka kin san hoton: maza a dandali cikin filin da aka kewaye da igiya, kowa rataye da takobinsa, shaidar cewa yana da ƙuri'a, suna ɗaga hannu suna yanke dokokin shekara, mu kuma a sama riƙe da yara muna kallon tsakiyar hulunansu. Bara an sake tambayarsu ko mata su shigo, suka sake ɗaga hannu suka ce a'a, wasu har da ihun murna. Ni ina taga. Na share shekaru a jami'a ina karanta yadda Faransawa suka tattara dokokinsu a littafi ɗaya bayan juyin mulkinsu, da yadda Jamusawa suka yi ta gardama kafin su gama nasu, da yadda tsarin mulkin ƙasarmu ya faɗa a fili cewa namiji da mace daidai suke. Na ci jarrabawa a kan duk wannan, har malamai suka yaba. Sakamakona shi ne na samu wuri mai kyau a tagar matar mai gasa burodi, inda na ga yaron da na koya wa karatu yana yanke hukunci a kan ko ina da hankalin ɗaga hannu. Da wasu suka kai ƙara babbar kotun ƙasa, na sa sunana. A Nuwamba kotu ta ce tsarin mulkin ƙasa yana gaba da al'adar dandalinmu, bana mata za su shiga igiya.

Tun ranar Baba bai yi mini magana kai tsaye ba. Muna zaune a tebur ɗaya, gwiwata kusa da tasa, sai ya juya ya ce wa Mama ta gaya wa Alƙaliya ta miƙo cuku. Ni ce Alƙaliya. In Mama ba ta nan, kare yake ba saƙon. Ba na so ki ɗauka ba shi da hujja, domin yana da ita, kuma na ji ta ta bakin kare sau da yawa. Ya ce da a dandali aka kayar da shi, hannu da hannu, da ya cire hularsa ya karɓa, don haka kakanninsa suka yi tun kafin a san wani littafin doka. Amma wasu mutane masu baƙar riga, a garin da ko yarenmu ba sa ji, su zauna a ɗaki su buɗe littafi su ce abin da maza dubu suka yanke banza ne, wannan ba zai haɗiye ba. Na ce wa kare ya gaya masa cewa maza dubun nan an ba su dama har suka gaji da ƙi, kuma ba a tambayar mai riƙe da ƙofa ko ya ga dama ya buɗe har abada. Kare dai bai isar ba.

Sai a watan jiya ya rantse ba zai sa ƙafa a igiyar da aka buɗe da umarnin baƙi ba. Don kada zuciyarsa ta yaudare shi ranar, ya sauko da takobin daga bango, ya goge shi, ya naɗe. Ya ce takobi daga uba zuwa ɗa yake bi, shi kuma Allah bai ba shi ɗa ba sai lauya, saboda haka jinin Kaka namiji da ya rage Urs ne. Gwaggo, ina son Urs, amma mutumin da bai taɓa ganin dandalin nan ba, wanda ƙuri'arsa a makarantar firamare yake jefa ta cikin akwati, me zai yi da takobi? Sai dai ya yanka kabewa. An ce bana za a ba kowa takardar shaida, har namijin da ba shi da takobi zai iya shiga da ita. Baba ya ce namiji tsaye a dandali da takarda a hannu, sai ka ce mai jiran likita, gara a binne shi. Kin ga ya rufe wa kansa ƙofa ya jefa makullin a teku.

Yanzu ga abin da ban zata ba. Kin san Mama ba ta taɓa goyon bayana a wannan magana ba. Ta sha ce mini ita ba ta ga abin da mace za ta tsaya yi a sanyi rabin yini ba, ga abinci a kan wuta. Ta ce ita tana da ƙuri'a tun ranar da aka ɗaura musu aure, ƙuri'ar tata ce kawai take sa hula ta tafi dandali da ƙafarta. Kuma gaskiya ta faɗa. Duk ranar Asabar kafin taro ita ke karanta abubuwan da za a yanke, ta gaya masa inda zai ɗaga da inda zai sauke, shi kuma washegari ya dawo yana ba da labarin yadda ya yi tunani mai zurfi. To bana akwai maganar hanyar da ake so a bi da ita ta gefen makiyayarmu, Mama kuma ba ta so. Da Baba ya dawo daga kai ƙunshin, yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi, ta bar shi ya zauna, ta zuba masa miya, sannan ta tambaye shi cikin sanyin murya wa zai ɗaga mata hannu a kan maganar hanya. Ya ce babu. Ta ce to shi ke nan, tunda hannun da take aika ya yi yaji, dole ta kai nata. Ta ce ita ba kotu ce ta aike ta ba, ba kuma littafin 'yarta Regula ba, shi ne ya aike ta. Ta ƙara da cewa ya kula da tukunya ranar, kada dankali ya kama.

Gwaggo, ban taɓa ganin cokali ya tsaya a iska haka ba. Ya dai ƙarasa miyarsa. Amma tun daga ranar yake wucewa ta gaban bangon nan, ya tsaya yana kallon ƙusar da ake rataye takobin. Shekaranjiya kuma na ji yana tambayar kare, wai jirgin ruwa kwana nawa yake yi zuwa Kanada, kuma in kaya suka ɓace a hanya ana mayar wa mai su ne. Ba zai rubuto miki ba, kin fi ni sanin ƙanenki. Zai gwammace ya zauna gadin dankali yana jin ƙararrawar coci, matarsa da 'yarsa suna cikin igiya, ya ce da kansa ya zaɓa. Daga nan kuma ba zai sake komawa ba, domin wanda ya ƙi zuwa bana da rantsuwa, baɗi kunya ce za ta hana shi. Mutumin da bai taɓa fashin wannan taro ba tun yana saurayi, ko shekarar da ya karye a ƙafa sai da aka kai shi a amalanke.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ni zan shiga. Ko takobi ya zo ko bai zo ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ko maza sun yi mini tsaki, zan tsaya a cikin igiyar nan in ɗaga hannuna har ya yi tsami. Ban jira duk shekarun nan don in nemi izinin kowa ba. Amma ban kai ƙara don a fitar da ubana daga dandali ba. Na kai ne don a shigar da ni, kuma wurin, duk da abin da suke faɗa, zai ɗauke mu duka. Ko da zai ɗaga hannu a kan duk abin da na ƙi, na fi so in ga hannun. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Saboda haka na rubuto da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba Urs haƙuri, ki ce masa ba raini ba ne. In kin mayar, kada ki sa wata doguwar takarda, kada ki yi masa wa'azi, don in ya ji ƙanshin nasiha zai sake naɗe shi ya aika Ostareliya. Ke ce babba, ke kaɗai kika isa. Layi ɗaya ya wadatar: ki ce takobin ubanki ba ya kwana a ƙasar da ba a san aikinsa ba. Zai yi faɗa, zai ce an raina shi, zai gaya wa kare cewa yayarsa ce ta tilasta masa. Abin da yake nema ke nan, wanda zai ɗora wa laifi, kuma gara ke da alƙalai.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki turo mata hoton jikokin. Ki gaishe da Ruedi, da Urs da matarsa Doris, da yara Monika da Felix. Tsohuwar maƙwabciyarki Zita tana tambayarki, ita ma ta ce za ta shiga igiya in an ba ta kujera. Baba bai san na rubuto ba, saboda haka bai ce a gaishe ki ba, amma na san yana gaishe ki.

Ni ce 'yar ƙanenki,
Regula