Kadan da Ya Ɗauke Amsa

Zuwa ga Malam Uwaisu na Bici, mai amsa takardun masu damuwa.

Malam, ka taimake ni don Allah, zuciyata na neman kai ni inda ba dawowa. Iyayena daga Barno suka zo, ni kuwa a wani ƙauye kusa da Zakirai na tashi, gonata ma aron mai gari ce. Farkon damina kada ya ɗauke 'yata Amsa a tafkin bayan gari. Kullum da hantsi takan je wanke-wanke gindin wata kanya, nan dai wuri guda. Ƙwaryarta kawai muka tarar tana yawo a kan ruwa. Ko gawar da zan yi wa salla ban samu ba.

Mutanen gari sun yi min ta'aziyya, amma sun ce kadan nan kakan gari ne, duk wanda ya taɓa shi zai bar gari, ya bar gona. Kaka! Kakan da ke cin jikoki?

Tun daga ranar, kullum da la'asar ina gindin kanyar nan da mashi. Yanzu na san shi fiye da maƙwabcina. Ba ya bin kowa da gudu. Idanu kawai yake fitarwa, yana lura da mai zuwa da lokacin zuwansa. Na ga zabi suna sha, ɗaya kansa a sama. Na ga barewa ba ta maimaita mashaya. Zalɓe kan tsaya kamar matacce har kifi ya manta da shi, haƙurinsa nake koyo.

Ciyawa ta cinye gerona. Uwar yara ta kwanta, ko magana ba ta yi, sai ƙaramar 'yata, Falta, ke ɗebo mana ruwa. In kashe kadan a kore mu, ko in zauna ina kallonsa yana shan iska?

Mai Gadin Kanya.

Amsar Malam:

Ɗan'uwa, Allah Ya ji ƙan Amsa, Ya sanyaya muku zuciya.

Kana da gaskiya, kada ba kakan kowa ba ne, kuma shari'a ba ta hana kashe dabba mai cin mutane ba. Su ma mutanen garinku tsoro suka gada, ba ƙiyayyarka ba. Kada ka yi gaban kanka. Ka sami limaminku ku je wa mai gari tare; in ya ƙi, akwai alƙali. Kisan kuma aikin sarkin ruwa ne da mutanensa. Kafin nan ku kafa itatuwa ku zagaye mashaya, ku yi gayya a haƙa rijiya a cikin gari. Matarka kuma tana bukatar ganinka a gida.

Amma ka karanta ruwa ka tsallake babin da ya shafe ka. Da bakinka ka ce kadan nan, wanda ya saba da wuri da lokaci yake nema. Wa ke zuwa gindin kanya kullum da la'asar? Kana zaton kai ne zalɓen, alhali shi ma ya gama haddace ka.

Zabi ma ba sa sha sai ɗaya na gadi. Kai da mashinka kana tsaron wadda ta riga ta tafi, Falta kuwa tana durƙusawa da tulu a bakin ruwan nan ita kaɗai. Gobe ka ajiye mashin, ka karɓi tulun daga hannunta.

Allah Ya raya maka ita.