Ɗigo Biyu Ba Ya Wuce Zariya

Zuwa ga aminina kuma maigidana a sana'a, Okeke bakanike, a duk inda takardar nan ta riske ka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyarka da ta Maman Ladi da ita Ladi kanta. Ni ne Garba ɗan Maska, abokin aikinka na shekara tara a rumfar kwancen motoci da ke bayan tashar Funtuwa. In ka tambaye mu, muna nan da rai, matata Hajara tana gaishe ku. Ban san inda zan aika da wasiƙar nan ba. Sau biyu ina zuwa gidan waya, akawu yana ce mini tun da aka fara yaƙi babu takardar da ke isa ƙasarku. Shi ya sa na bar ta a buɗe, duk mai iya karatu ya karanta, ko Allah zai sa wani ya san wanda ya san ka. Ba na sa rai sosai, gara in gaya maka gaskiya tun daga farko.

Ka tuna ranar da na fara zuwa rumfarka? An gama kaka, wana maƙeri ya aiko ni daga Maska in sayo masa karyayyen sifirin mota da zai ƙera fartanya da shi. Na tarar da kai kana kokawa da wani aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, kana zaginsa da yarenku. Na kama gefe ɗaya na ɗaga. Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ce mai irin wannan ƙarfi bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana korar biri a gonar dawa ba. Na ji haushi ranar. Washegari kuma da sassafe ina bakin rumfar.

Hausarka ta fi ta wasu 'yan garin, sai dai gaisuwa kullum a juye kake yin ta, ka yi wa mutum barka da yamma da hantsi. Ga ka bahago. Guduma da hagu, sifana da hagu, har tuwon Hajara da hagu ka so ka ci, ta ɗauke kwanon ta ce ba a gidanta ba. Shekara tara tana faɗa, shekara tara kana mantawa. Yanzu in ta ga bahago a kasuwa sai ta tsaya tana kallonsa har ya ɓace.

Kai ka koya mini cewa mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Duk lorin da ya faɗi da auduga a hanyar Malumfashi, ko ya tsufa ya zauna a bayan gidan mai shi kaji suna ƙwai a cikinsa, sai mu je mu sayo gawar, mu kwance ta noti bayan noti. Kowane ƙarfe ka ɗaga shi, ka ƙwanƙwasa, ka kara a kunne kamar mai sayen tukunya. Daga nan ka ɗauki ƙusa da guduma ka buga masa shaida. Ɗigo ɗaya, lafiyayye ne, ya je har Ikko ya dawo. Ɗigo biyu, yana da ciwo, a sayar wa mai zirga-zirgar kasuwannin kusa, a kuma gaya masa gaskiya. Ɗigo uku, ya gama aiki, a kai wa maƙera. Direbobi har waƙa suka mai da maganarka: ɗigo biyu ba ya wuce Zariya.

Ka bar ni ina buga ɗaya da biyu, amma na uku ba ka taɓa sakar mini ba. Ka ce yanke wa ƙarfe hukuncin mutuwa aikin maigida ne. Ka kuma ce ƙarfe ba ya ƙarya, mai sayar da shi ke yi. Na ɗauka surutun Ibo ne kawai.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da kewaye-kewaye.

Akwai lagireton nan, tankin ruwan da ke sanyaya inji, da muka ciro daga sabon lorin da ya kife kusa da garin Ƙarfi. Gaban motar bai taɓu ba, lagireton ya fito fes, ko tsatsa babu. Ka buga masa ɗigo ɗaya, ka rataye shi can ƙuryar rumfa, ka ce wannan ba na sayarwa ba ne, na Tsohuwa ne. Tsohuwa ita ce lorinka da muka haɗa daga gawar motoci huɗu, wadda in ta tashi duk unguwa sai an sani. Ka ce ranar da nata ya gaza, kada mu tsaya neman wani.

Ranar da ka tafi Gozaki duba wata matacciyar mota, wani Alhaji mai lorin gyaɗa ya zo. Ya hango lagireton. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya, ya ce ashe shi da yaron shago yake magana, bari ya jira maigida. Maganar nan ce ta ci ni, Okeke, ba kuɗin ba. Ina da mata da 'ya'ya uku a ce mini yaron shago. Na hau na sauko da shi, na yi ciniki da babbar murya don maƙwabta su ji. Da ka dawo na miƙa maka kuɗin ina jiran yabo. Ka dubi ƙusar da babu komai a kanta, ka daɗe kana dubanta, sannan ka ce in kawo maka ruwa ka sha. Da ma zagina ka yi, da yanzu na sami abin riƙewa.

Ba a yi kwana ashirin ba garin ya rikice, aka faɗa wa mutanenku da kisa.

Ba zan ba ka labarin abin da ka gani da idonka ba. Mutanen da muka gyara wa mota, muka ci goro tare, na gan su da sanduna a hannu. Wasu kuma, Allah ya saka musu, sun buɗe ƙofofinsu sun ɓoye na ɓoyewa. Kwana biyu kuna cikin gonar wana a Maska, dawa ta rufe ku, Hajara tana kai muku fura a ƙarƙashin itacen girki. Ladi, 'yar da aka haifa a Funtuwa, wadda ba ta san wani gari ba, tana tambaya me ta yi wa mutane.

Da na koma rumfa na tarar an kwashe abin da za a iya ɗauka. Tsohuwa tana nan, don babu wanda ya iya tayar da ita sai kai, amma wani ya soka mata ƙarfe a gaba ya farke lagireton. Na juya rumfar kaf. Guda ɗaya na samu a ƙarƙashin tarkace, wanda muka ciro daga tsohon lorin auduga, kai da kanka ka buga masa ɗigo biyu. Na wanke shi, na like inda yake yoyo da dalma, na ɗaura. Likin ya yi muni kamar kashin kaza, don cikin sauri na yi shi. Na shafa baƙin mai a kan shaidar don kada ka gani.

Da hantsi kuka zo, kai da iyalinka da sauran mutanenku da suka tsira, har motar ta cika. Ka buɗe gaban Tsohuwa kamar yadda ka saba, ka kai babban yatsanka na hagu daidai inda na shafa man. Na ga yatsan ya tsaya, ya koma, ya sake tsayawa. Ka ɗago ka dube ni. Maman Ladi tana bayanka da ƙullin kaya a ka, tana kallon bakinka. Sai ka ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Aiki ya yi kyau, Garba. Zai kai."

A shekara tara, ranar ce kaɗai na ji ka yi wa ƙarfe ƙarya.

Na cika muku garwa huɗu da ruwa, na ba ka ƙullin garin barkono ka zuba in ya fara ɗiga, na saka filayarka a aljihunka. Ka ba ni makullin rumfa ka ce in riƙe maka kafin ka dawo. Na bi motar da ƙafa har bakin gari. Ina kallon ƙasa, ban ga ɗigon ruwa ko ɗaya ba, na riƙe wannan a zuciyata shekara uku.

Rumfa tana nan. Abin kunya ma, kasuwa ta buɗe. Yaƙi ya sa sabon kaya ba ya samuwa, masu kawo shi kuma ku ne, kun tafi. Yanzu har daga Gusau ake zuwa nemana, ana ce mini maigida, sunan da na sayar da lagireto don in ji. Na ji shi har ya ishe ni. Ina buga ɗaya, ina buga biyu. Abin da ya mutu kuwa sai in tura shi gefe, maƙera su zo su tsinta da kansu.

Ranar kasuwar da ta wuce wani ɗan kwance ya zo daga Kaduna da lodin tarkace. Ina juya kayan da ƙafa sai na ga likin dalma mai kama da kashin kaza. Na durƙusa na goge kunnen ƙarfen da bakin rigata. Ɗigo biyu.

Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wurin wani ya saya, shi ma wanin wurin wasu ya saya, masu bin hanyar kudu suna kwance motocin da aka bari a daji tun lokacin rikici. Na ce wace hanya, kusa da wane gari, an ga mutane ko ba a gani ba? Ya ce, Malam, wa ke tambayar asalin ƙarfe? Na biya abin da ya faɗa ban taya ba, har ya riƙa dubana kamar mai taɓin hankali.

Na kai shi ƙurya na duba shi yadda ka koya mini. Likina yana nan, bai ɓalle ba. Na so in yi murna, amma ciwon ba a nan yake ba. Ruɓewa ya yi ta ciki, abin da kunnenka ya ji tun ranar da ka ƙwanƙwasa shi. 'Yan bututun nan sirara da ruwa ke bi, su ne suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Na kuma ga aikinka. Kowane bakanike in bututu ya fashe a hanya yakan yanke shi ya matse bakin, amma kai kaɗai na sani kake naɗe shi sau biyu, kuma ta hagu.

Na ƙirga guda shida, kowanne an naɗe shi sau biyu, tsaf, kamar a rumfa kake zaune ba wanda ke bin ku. Sau shida ke nan Tsohuwa tana tsayawa a hanyar da tsayawa a cikinta halaka ce. Sau shida kana sauka, mata da yara suna kallonka, kana gyara abin da na jawo. Ka wuce Zariya da shi, wannan na tabbata, ka wuce da nisa.

Akwai na bakwai. An yanke shi, an matse, an naɗe sau ɗaya. Ga shaidar haƙoran filaya a inda ka kama za ka yi naɗi na biyu. Ba a yi ba.

Okeke, ban taɓa ganin ka bar aiki a rabi ba. Ko ruwan sama ya sauko, ko abinci ya huce, ko Maman Ladi ta aiko sau uku, sai ka ƙarasa.

Hajara ta ce wataƙila wata mota ce ta tsaya ta kwashe ku, ka jefar da filaya kuka hau. Ta ce wataƙila ka ga ba zai gyaru ba kuka shiga daji da ƙafa. Ina ce mata haka ne, don ta samu ta ci abinci. Ni kuwa sana'ata ke nan, duba ƙarfe in faɗi abin da ya same shi, kuma abin da wannan yake gaya mini ba na son ji. Ko da kun tsira a ranar, can ɗin da kuka nufa wuta ce ke ci har yau, labarin yunwar da muke ji a rediyo ya isa. Ta kowace hanya na bi da tunanina, ba na iske ku a ƙarshenta.

An ce da na sani ƙeya ce. Kullum sai na ga lorin gyaɗar Alhajin nan ya wuce ta gaban rumfa, lafiya lau, ko tururi ba ya yi. Ba ni na ɗauki sanda ba, kowa yana gaya mini haka, limaminmu ma ya gaya mini. Amma ni na san abin da ke rataye a ƙusar nan, na kuma san wanda ya sauko da shi da dalilin da ya sa. Ina kewarka, aminina. Ina jin kunyarka fiye da yadda nake kewarka.

Na rataye lagireton a ƙusar da na sauko da wancan. Wana ya gan shi ya ce in ba shi, tagullar za ta yi amfani. Gaskiyarsa, ya gama aiki, ɗigo uku ya kamace shi. Na ɗauki ƙusa da guduma ya fi sau goma ina ajiyewa. Na uku ba nawa ba ne, kai ka faɗa. Bututun nan ma ban ƙarasa naɗe shi ba.

Allahn da kake kira da yarenku, nake kira da nawa, in kana raye Ya tsare ka, Ya ciyar da Ladi da uwarta, Ya sa ruwa a gabanku duk inda kuka tsaya. In kuma ka riga mu, Shi ne Ya san inda ka kwanta, Ya san ƙaryar da ka yi don hankalin mutane ya kwanta, kada Ya kama ka da ita, Ya ɗora ta a kaina. Allah Ya kashe wutar nan, Ya yafe wa wanda ya yi da hannunsa ya tuba, da wanda ya yi da wautarsa.

Makullinka yana wuyana. Rumfa a share take.

Naka har abada,
Garba ɗan Maska,
yaron shagonka.