Ruwan da Na Zubar a Ciyawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni ne mahaifinku Ma'aruf Surajo, makanikin jirgin sama mai ritaya. Ina rubuta wannan a gidanmu na Pleasant Garden, gefen Greensboro a Amurka, da hankalina garau. Likita ya faɗi abin da ya gani a huhuna, ni ma na ji a jikina. Haidar, Rahina, Hanifa, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Rahina ta fassara wa jikokina, tunda in na yi musu Hausa da Turanci suke mayar mini.

Na ɗaya. A binne ni a nan Greensboro, kusa da mahaifiyarku Aishatu. Kada wanda ya wahalar da kansa da kai gawa Kano. Na ƙare rayuwata ina ɗaure wa jirage kusoshi, ba na so a loda ni a cikinsu tare da akwatuna.

Na biyu. Gida da abin da ke cikinsa, liman ya raba muku yadda shari'a ta ce. Rigunana a ba aminina Malam Adamou, tsawonmu ɗaya. Seth kuwa, Baturen da ya ba mu rumfar ajiye jirgi a gonarsa ta Summerfield, kada ku yanke masa naman Sallah. Yaji yana sa shi hawaye, amma bai taɓa mayar da kwano da saura ba.

Na uku. Ƙaramin jirgin nan mai kujera biyu, wanda na saya a gwangwan muka yi shekara goma sha ɗaya muna tayar da shi, na riga na ba Haidar kyauta a gaban shaidu. Ba ya cikin gado. Haidar, ka iya tuƙi, ina alfahari da kai.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Shekara biyu ke nan Haidar ba ya magana da Hanifa. Ranar Sallah ya tara abokansa a gonar Seth zai zaga da su a jirgin. Hanifa, auta, wadda ta gaji sana'ata, ta tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike ta ga ruwa a ciki, ta zare makulli ta sa a aljihu a gaban kowa. Da muka dawo gida na yi mata faɗa, na ce ta kunyata yayanta. Hanifa, ban yi miki adalci ba, kuma ina faɗan ina sane. Ga dalili, wanda ko mahaifiyarku ban gaya wa ba.

Kun san ina da wa, Yaya Badaru, da ya rasu a haɗarin jirgi a 1969. Lokacin tuƙa jirgi don sha'awa sabon abu ne a wajenmu a Kano. 'Yan tsiraru ne suka haɗa kulob a wani fili a bayan gari, da jirage biyu da ake kwana da su a waje. Faɗuwa ba baƙon abu ba ce, in an faɗi sai a ce ƙaddara. Yaya yana cikin na farko da suka sami lasisi, shi ya goya ni a keke ya kai ni koyon aikin inji.

Ranar, ruwa ya kwana yana zuba. Yaya ya gayyato surukansa su ga tashinsa. Na tsiyayi mai a kwalbar gwaji na ɗaga sama, sai ga ruwa kwance a gindi, bai fi cokali ba. Ƙa'ida ita ce a yi ta tsiyaya har man ya fito tas, in ya ƙi a fasa tashi. Na waiwaya na ga Yaya cikin farar riga, surukai sun kewaye shi, ya ɗago mini hannu alamar in yi sauri. Na ji nauyin a ce ƙane ya tsayar da yayansa a gaban surukai. Na juye kwalbar a ciyawa, na gyaɗa masa kai.

Ya tashi lafiya. Yana kaiwa saman ɗorawoyin ƙarshen fili injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ni na fara isa wurin. Mutane suka yi ta ba ni haƙuri, har ana yabon ladabina gare shi.

Shi ya sa, Hanifa, da na ga makullin ya shige aljihunki, ba fushi na ji ba. Kunyar kaina na ji, na huce a kanki. Ki yafe wa Babanki.

Na biyar. Kwalbar tana cikin akwatin kayan aikina, naɗe a tsohuwar hula. Ta Hanifa ce. Jirgin ba zai bar ƙasa ba sai ta ɗaga ta ta ce ya tashi, ko da gwamna ne ke jira. Ku koya wa 'ya'yanku gaida manya da durƙusa musu, amma ku gaya musu inda rai yake ba a jin nauyin kowa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sauke ku lafiya duk inda kuka tashi. Rahina, ke ce mai tara su, kada tukunyar Sallah ta rabu. Haidar, kai ne babba, amma kai za ka je gidan Hanifa, kuma kada ka jira ranar jana'izata. Ba ta kunyata ka ba, ɗana. Shekara hamsin da biyar ke nan ina fatan a ce Yaya Badaru yana raye yana gaba da ni.

Mahaifinku,
Ma'aruf