Miki a Ƙarƙashin Safa

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana goma sha biyu mu hau dutsen. Mu takwas ne, kowa da nakasarsa, bibbiyu a igiya ɗaya. Koci ya haɗa ni da Dogo makaho: ni ido, shi ƙafa. Dogo ya ce, "Mai Takalma, in aka haɗa mu, mutum ɗaya ne da 'yar gyara." Tunda mota ta raba ni da ƙafar hagu, ban sa rai a komai ba sai wannan.

Alhamis, 6 ga Maris
Dungun ya kwaile inda ƙafar roba ke goga. Dokar Koci: mai miki ba ya hawa. To, shekara ashirin ina sayar da takalman gwanjo. Wanda ya iya ɓoye yagewa da mai da buroshi, miki ne zai gagare shi? Auduga, safa biyu, murmushi.

Talata, 11 ga Maris
Mikin ya fara ruwa. Uwar yara ta tsinci safar a bokiti. Na ce gumi ne. Ta ce, "Ni ba mai saye ba ce, maigida." Ta fita.

Alhamis, 13 ga Maris
Atisaye a matakalar bene. Dogo ya ce takuna ya canja. Na ce sabon takalmi ne. A hawa na huɗu ƙafar ta ƙi ɗaukata, igiya ta fizge shi, gwiwarsa ta bugu da siminti. Shi ne ma ya ba ni haƙuri! Nan akwai bangon dafawa. Can fa?

Juma'a, 14 ga Maris
Rumfa. Ko silifa ban sayar ba. In ban hau ba, me ya rage? Gurgu mai kallon ƙafafun mutane.

Asabar, 15 ga Maris
A gindin dutsen, ana ƙulla igiya, na zauna na kwance ƙafar, na zare safa biyun a gaban Koci. Bai yi faɗa ba. Ya kwance igiyar daga ƙuguna ya ɗaura a nasa. Dogo ya laluba kafaɗata, ya ce, "Da ma na ji, ɗan'uwa."

Ba don shi na yi ba. Zafin ne ya yi yawa.

Na wuni a cikin bas. Na dai bi jar rigar Dogo da ido har ta ɓace, bakina yana ta faɗin "dama, hagu, ɗaga ƙafa." Direba ya zaci waya nake.