Gilashin da Aka Bari a Bakin Majigi

Kazanlak, 12 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Lyuben,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Raina da jikata. Ya aiki, ya iskar tekun Varna? Ni dai lafiyata lau, wardi ma ya fara buɗewa a bayan gida.

Wasiƙarka ta iso. Wai in je likita ya duba min ido, in ya ce da matsala in rufe gidan nan in koma wurinku. Duk don na ce maka ba na iya karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim? Lyuben, shekara talatin da ɗaya ina juya majigi a garin nan. Da idon nan na ciyar da kai. In hoto ya yi duhu ni ce farkon sani, kuma na san laifin wa.

Sabon gidan silimar nan kujerunsa laushi ne da su, sauti har cikin haƙarƙari, amma hoton dishi-dishi, kamar an wanke shi da ruwan shayi. A zamaninmu farar riga nake dubawa a allo, in ba ta fito fes ba sai in tashi in gyara wuta. Da hoto ya ɗan karkace sai ka ji fito da buga ƙafa, har da masu jifan tagata da ɓawon 'ya'yan kabewa. Yanzu kowa ya duƙufa kan gugguru da waya, ba mai ɗaga murya. Ka yarda har kewar zaginsu nake yi?

Ƙawata Gergana cewa ta yi, "Ke tsohuwa, bar ɗora wa inji laifi, ni har ƙurajen jarumin nake gani!" Na ce mata mai minshari tun kafin rabin fim ba ta da bakin magana. Jibi zan hau ɗakin majigin da kaina. Maganar tashi kuwa, ka cire rai, ba inda za ni.

Ka gaida kowa.
Mahaifiyarka,
Tsvetanka

Kazanlak, 16 ga Mayu

Lyuben ɗana,

Ina gaishe ku duka, da fatan tarin jikata ya yi sauƙi.

Na hau, lokacin fim ɗin ƙarfe uku na rana. Nevena, matar da ke kula da injin, ta karɓe ni da mutunci. Injin nasu akwati ne kawai, ba ƙara, ba abin juyawa. Amma ina leƙa gabansa na gane. Ka san gilashin da ake sa wa bakin majigi don irin fim ɗin da ake kallo da tabarau? An bar shi a wurin tun bayan bikin Ista, yana ta cinye hasken kowane fim. Nevena ta dafe kai ta ce, "Wayyo Gwaggo, kin kama ni! Kusan wata guda fa, ba wanda ya ce uffan!" Nan take ta zame shi gefe, fim na tafiya.

Daga ƙasa na ji zauren ya ɗauki "Aaa!", wasu har da tafi. Nevena ta jawo ni bakin taga tana cewa, "Gwaggo, dubi rigar amaryar nan, har kashe ido take!" Na duba. Na goge tabarauna na sake dubawa. Lyuben, in akwai bambanci ɗan kaɗan ne. Ruwan shayin nan yana nan a wurina. Na ce mata, "Ƙwarai kuwa." Ban taɓa yin ƙarya a ɗakin majigi ba sai ranar.

Ka ga na yi gaskiya, amma mutanen zaure kawai gaskiyar ta yi wa amfani. Jiya mai burodi ya ce da ni, "Ido sai naki, Gwaggo!" Dariya kawai na yi. Ranar da na hau, Gergana ce ta raka ni. Da muke saukowa daga benen ta riƙe min gwiwar hannu, ba tsokana ko ɗaya, ni kuma ban fizge ba.

Ina jin tsoro, ɗana. Na faɗa maka, kada ka faɗa wa Raina tukuna. Ka nemo min likitan. Maganar rufe gida mu bari sai ya duba, amma na daina cewa a'a.

Kuma kada ka rubuto amsa, ka bugo waya. Waccan wasiƙar taka ma Gergana ce ta karanta min.

Taka har kullum,
Mama