Batirin ya kai dare

Alhamis da dare, Gwarzo

Kwana uku ba wuta. Shi ya sa da safe na shiga saitin kwamfuta na rage ƙarfin waifai, don batiri ya kai ni yamma. Sai na manta. Bayan la'asar na fara tura takardun neman aikin koyarwa, abu yana ta jan ƙafa, ina ta zagin sabis. Ƙarfe shida aka rufe shafin karɓar takardun. Sai da magariba na tuna. Ina mayar da ƙarfin, komai ya buɗe nan take.

Inna ta leƙo ta ce, "Takardun sun tafi?"

Na ce, "An rufe, Inna."

Ko haushi ban ji ba. Batirin dai ga shi nan, har yanzu ya fi rabi.