Jitar Lina da Labulen Awadiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Ishaq ɗan Abakar, haifaffen Gadarif, mazaunin unguwar Faisal a Alƙahira, na rubuta wannan da hannuna a shekarar 2014, hankalina cikakke, ba wanda ya tilasta ni. Gwiwoyina sun gaji, likita kuma ya ce zuciya ta bi sahunsu. Ban damu ba. Rabona da farin ciki irin na wannan watan tun ranar da Ɗanmalam, ɗalibin nan ɗan Kano, ya koya mini rubuta sunana da boko a ajin yamma na jami'ar Ainu Shams, ina da furfura.

Zuwa ga 'ya'yana biyu, Awadiyya da ƙanenta Mu'tasim.

Na ɗaya. Abin da na bari a raba shi yadda shari'a ta ce, sai jita. Jita ta Lina ce, 'yar Awadiyya. Na tambayi malamai, sun ce jika ta wajen 'ya ba mai gado ba ce, wasiyya gare ta ta halatta idan ba ta wuce sulusi ba. Kada a sayar. Kun san wadda nake nufi: mai ƙafafu huɗu kamar tebur, wadda ake kaɗawa a zaune. Wani makaɗi ɗan Legas ne ya koya mini ita a wani otel na 'yan yawon buɗe ido da ke Titin Haram, da zai koma gida ya bar mini. Ita ta ciyar da ku har 2011, da baƙi suka daina zuwa, muka hau da ita bene kamar mai jinya.

Na biyu, ga Lina. Hannu na riƙe da ƙarfe a kan tsirkiya, ƙafa na taka feda, wannan kowa na gani. Amma daɗin yana ƙarƙashi, a sandunan nan da ke rataye gefen gwiwa. Ki tura ta hagu waje, murya ta ɗaga. Ki jawo gwiwa ciki, ta sauka kamar mai ajiyar zuciya. Ki tura har sanda ta tsaya, domin rabin turi ɓata kiɗa ne. Kada diddigenki ya bar ƙasa. Kada ki leƙa, gwiwa ta san hanyarta. Ni tawa ta hagu ta daina bin umarni tuni, har na ɗauka waccan saukar muryar za ta bi ni kabari. Rannan ina kwance bayan la'asar, aka dawo da wuta, sai na ji ta daga falo, tsaf yadda ɗan Legas yake yi. Na fito babu sandar dogarawa. Ke ce, kin sato da ido. Na yi kuka, na yi dariya, har bawwab, mai gadin gidanmu, ya hawo ya ga ko lafiya.

Na uku, rigimarku. Mu'tasim, ka ce bai dace budurwa ta zauna gaban mutane tana buɗa gwiwa hagu da dama ba. Awadiyya ta ce maka ba kai ka haife ta ba. Daga nan kuka daina gaisawa, har azumi ya wuce ba ku sha ruwa a faranti ɗaya ba. Ku ji: ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Kunya tamu ce, kiɗan ma namu ne. Awadiyya ce ta samo mafita da keken ɗinkinta, ta yi wa jitar labule mai kauri, kore, ya zagaye ƙafafunta har ƙasa. Yanzu gwiwa na aikinta, ba mai gani. Na yi wasiyya kada a cire labulen nan idan akwai baƙi, kada kuma a hana yarinyar zama a bayansa. Khalas, magana ta ƙare.

Na huɗu. Na yi wa maƙwabciyarmu Mahasin alkawarin kiɗa a bikin 'yarta, domin a kujerar da Mahasin ta ara mini nake kiɗa tun da muka tare, ita kaɗai ta yi daidai da tsayin jitar. Idan ban kai ba, Lina ta cika. Ku ɗauki tasi, mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zai lanƙwasa sandunan.

Na biyar. Gwangwanin sufanu da ƙananan makullan ɗaure sanduna na ba Mu'tasim kyauta tun ina raye. Ga dalili. Ranar sunan ɗanka Hasan, da aka watse, na leƙo falo na hango ƙafafun mutum sun fito daga ƙarƙashin labule. Takalmanka na gane. Kana kwance a kan tayil da farar jallabiyarka ta suna, kana matso da sandar dama kusa, saboda ka lura ƙafar Lina ba ta kai tawa tsawo ba, tana miƙa kafin ta taɓo. Ba ka gaya wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba sai yau. Ma'alish, yi haƙuri ɗana, na tona. Awadiyya, yanzu kin ji wanda ya gyara.

To ga yadda na bar ku: jita a hannun Lina, labule a hannun uwarta, sufana a hannun kawunta. Duk ranar da kuka rabu, abin nan ba zai yi sauti ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya Hasan, ya ba Lina miji mai kunne. Ku riƙa haɗuwa ranar Juma'a ku ci abinci tare. Idan kun dawo daga kai ni, ku yi mini addu'a, ku bar kwanakin zaman makoki su wuce. Sannan Mu'tasim ya duba sandunan, Awadiyya ta saki labule, Lina ta zauna. A ɗora mata Hasan kusa, ya fara ji tun yanzu.

Mahaifinku,
Ishaq Abakar